Jakin Tsumma da Kunyar Ɗan Fari

Ɗana na fari a Taura ya tashi, a hannun mahaifiyata. Yaye aka kai shi, da niyyar ya yi 'yan makonni ya manta da nono, sai ya haɗa har da mu ya manta, ya yi zamansa sai da ya isa shiga makaranta. Babu wanda ya ga aibu a ciki. Haka aka yi da babban yayanmu, ga shi yau har da tumbi. Ni kuwa ina Dutse ina koyar da Hausa a sakandare, ina bin rubutun 'ya'yan mutane da jan biro, hankalina kwance.

Da lokaci ya yi muka ɗauko shi zuwa gidanmu na Limawa. Yaron da aka ce a Taura ko kaji ba sa samun sararin kuka idan ya fara zuba, yana shigowa gidanmu ya yi shiru. Yana ci, yana barci, idan aka aike shi yana zuwa. Magana ce kawai ya ajiye. Malamarsu ta ce ƙarƙashin benci yake shigewa da zarar an dube shi, kuma har zangon karatu ya yi nisa ba ta san irin muryarsa ba.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kuma da gaske ake yi. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna ka san da zamansa. Nasa ya zo da ƙari, don sunan marigayi mahaifina aka sa masa. Ni ba na faɗa, sunan ubana ne. Matata ba ta faɗa, sunan surukinta ne. Inna ba ta faɗa, sunan mijinta ne, Maigida take ce masa. Suna mai kyau, an yanka masa rago ƙato, amma yana ajiye kamar kwanukan tangaran ɗin da ba a saukowa da su sai an yi baƙi.

Ga yadda magana take tafiya a gidan. Idan ina so ya yi wanka, sai in yi gyaran murya, in dubi bango ko bishiyar darbejiyar tsakar gida, in ce, "A gaya wa yaron nan ya yi wanka." Shi kuwa yana tsaye a gabana, hannuna zai iya kaiwa kansa. Matata, wadda ta fi ni kunya, sai ta juya ga ƙanwarsa, yarinyar da ko takalmi ba ta iya sawa daidai ba, ta ce, "Je ki ce wa yayanki ruwa ya yi zafi." Saƙo ya bi ofis-ofis kafin ya isa ga mai shi. Mu a ganinmu wannan tarbiyya ce, kuma mun iya ta.

Labarin shirun ya kai Taura, kamar yadda kowane labari yake kaiwa. Inna ta kira ni a waya. Ni ne na uku a ɗakinta, saboda haka ana iya yi mini faɗa kai tsaye.

"Na ji an ce kun ɗinke wa Maigida baki."

"Baƙunta ce, Inna. Zai ware."

"Na ba ku yaro yana magana kamar rediyo. Idan aka yi hutu ban ji muryarsa ba, zan zo in ɗauke abina. Ku nemi wani ku yi ta kallon juna."

Inna ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Na gaya wa matata. Tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba, ta ce, "Makarantar Taura dai da nisa daga gidan Inna." A bakin uwar ɗan fari, wannan daidai yake da wata ta faɗi ƙasa tana birgima.

Muka shiga nema. An yi masa rubutu ya sha, ya miƙo kwanon ba ko uffan. Na kai shi asibiti, likita ya leƙa kunne, ya leƙa maƙogwaro, ya ce komai yana nan inda Allah ya ajiye shi. Sai ya ce akwai wata matashiya da ta karanci halayyar yara, tana tara ƙanana irinsa ranar Asabar da safe a wani ɗaki a bayan asibitin, tana yi musu magani da wasa. Na tambaye shi ƙwayar da ake haɗawa da wasan. Ya ce babu, amma dole uba ko uwa su zauna a ciki. Matata ta ce ita kam ba za ta iya ba, a gaban mutane. Ya rage ni.

Na shirya kamar mai zuwa taron iyayen yara: babbar riga mai sitaci, hula, biro a aljihu. Na tarar da ɗaki babu kujera ko ɗaya. Tabarmi ne, da babban tire cike da yashi, da kwandon motocin gwangwani da 'yan tukwane da 'yartsana, da dabbobin tsumma irin waɗanda ake zira hannu a ciki a motsa bakinsu. Yara 'yan kaɗan ne. Akwai wata yarinya da ba ta sakin zanen uwarta, da wani da ba ya iya zama wuri ɗaya, da wani ɗan lukuti mai fara'a wanda matsalarsa cizo ce. Uwarsa 'yar Haɗeja ce, busasshen kifi take sayarwa, kuma ba ta san ana tauna magana kafin a faɗe ta ba. Tana ganina ta ce, "Malam, naɗe rigar nan. Nawa idan ya ga abu fari yana lilo, ɗanɗanawa yake yi."

Matashiyar, wadda yara ke ce wa Anti, ta shimfiɗa mana ƙa'ida. Kowa ya zauna a ƙasa kusa da ɗansa. Ba a ba da umarni, ba a yin tambaya, ba a gyara. Abin da yaro ya ɗauka shi za a yi, kai kuma ka riƙa faɗa masa abin da ka ga yana yi, don ya san kana tare da shi. Umarni, tambaya, gyara: abubuwa ukun da gwamnati ke biyana in yi, ta tattara su ta ajiye a bakin ƙofa tare da takalma.

Na zauna a karkace, rabin bayana ga yaron, kamar yadda ya dace. Shi kuwa ya jawo tiren yashi yana binne motoci ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa irin ta wanda ya san aikinsa. Anti ta zo ta tsuguna.

"Malam, faɗi abin da kake gani."

"Ga shi nan yana binne mota."

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ni na gani."

Nan na ga ya kamata in wayar mata da kai. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, asalinta da rassanta, irin bayanin da nake yi wa 'yan aji shida, har na kusa cewa ta rubuta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Na sani, Malam. Ni ma 'yar fari ce. Har yau idan babana zai ba ni abu, a kan tabarma yake ajiyewa ya tashi. Ban ce ka kira sunansa ba. Cewa na yi ka juyo."

Na juyo kaɗan, gwargwadon abin da wuya zai iya ba tare da mutunci ya zube ba.

Asabar ta gaba na yi abin da duk mai mutunci yake yi idan al'amari ya yi masa nauyi: na naɗa wakili. Ƙanena yana nan Dutse yana karatu, baffan yaron ne, babu kunya a tsakaninsu. Na tura shi a madadina, har da saƙon gaisuwa. Ya dawo da hannu a ɗaure. Ashe wasan ya yi masa daɗi, ya tara motocin duka a gabansa yana tsara tasha, ɗan mai kifi ya nemi ɗaya, ya ce masa ya bi layi. Shi kuma ɗan lukutin ya bi ta hanyar da ya saba, ya sa haƙori. Ƙanena ya kawo mini amsar Anti: ta ce a gaishe ni, kuma a gaya mini wurin nan ba ɗaurin aure ba ne, ba a karɓar wakili.

Na koma da kaina, wannan karon da kaftani.

Makonni suka wuce a haka. Na koyi cewa "an binne ja, yanzu ana binne kore," ina faɗa wa yashi. Yaron yana ji, don wani lokaci yakan tsaya sai na faɗa kafin ya ɗauki wata. Na koyi haɗiye gyara. Ya kifa tukunya a kan motar ya mai da ita hula, harshena ya yi ta ƙaiƙayi, na danne. Amma murya babu, hutu kuma yana matsowa. Inna takan kira ta ce a ba Maigida waya, ya riƙe ta a kunne yana murmushi yana gyaɗa kai, ita tana can tana jin numfashi kawai.

A ƙarshen kowane zama akan yi da'ira, yara da iyaye. Kowane yaro ya zaɓi dabbar tsumma ya zira hannu, a yi wasa da bakin dabbobi. Nawa kullum jaki yake ɗauka, wani toka-toka mai kunne ɗaya, ɗayan ɗan mai kifi ya riga ya gama da shi. Yakan riƙe shi a cinya har a tashi, jakin bai taɓa cewa komai ba.

Wata Asabar Anti ta ce yau kowace dabba za ta faɗi abin da ake faɗa a gidansu da safe. Akuyar ɗan mai kifi ta miƙe ta zuba da muryar uwarsa sak: "Ku tashi, ragwaye, rana ta fito ta same ku." Uwar ta ce, "Wallahi sharri ne, ni a hankali nake tashinsu," muryarta tana kaiwa bakin titi. Kazar yarinyar nan mai riƙe zane ta yi wani raɗa da ba wanda ya ji, aka yaba mata. Aka zo kan jaki. Anti ba ta matsa ba, har ta fara juyawa ga na gaba.

Sai yaron ya ɗaga jakin, ya juya fuskarsa ga bango a hankali. Ya yi gyaran murya. Nawa ne, babu ragi, har da ɗan jan hancin da ban san ina yi ba. Jakin ya ce, cikin ƙasaita, "A gaya wa yaron nan ya yi wanka."

Mai kifi ta kifa kai a cinya, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Malam, ashe da kai muke zaune tun ɗazu a cikin tsumma." Ni kuwa abubuwa biyu suka haɗu mini a ƙirji suka rasa wanda zai fara wucewa. Na ji muryar ɗana, 'yar siririya mai ɗan kaushi, wadda na yi watanni ina jira. Kuma abin da aka fara yi da muryar shi ne a kwaikwaye ni a gaban mata.

Anti ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Jaki ya yi magana. Ko akwai mai amsa masa?" Ta dube ni.

Na yi saurin bincika duk abin da na sani na al'ada, wanda na karanta da wanda na gada. An hana uba hira da ɗan fari a bainar jama'a. Ban tuna inda aka hana shi gaisawa da jaki ba. Malamai ba su taɓo wurin ba sam. Na gyara zama, na dubi jakin ido cikin ido, wato maɓalli cikin ido, na ce, "Jaki, ina kwana?"

Jakin ya juyo daga bango. "Lafiya."

"Ya baƙunta?"

"Ni ba baƙo ba ne. Shi ne baƙo." Ya nuna mai riƙe da shi da kunnen da ya rage.

"To ya yake jin garin?"

Jakin ya kai baki kunnen yaron, suka yi shawara. "Ya ce tuwon nan ruwa-ruwa ne. Ya ce babu akuya. Ya ce ita wannan," yana nufin ƙanwarsa, "tana taɓa masa kaya."

"Za a duba," na ce, kamar shugaban makaranta.

Suka sake shawara, wannan karon ta daɗe. Sannan jakin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ce yaushe za a daina fushi da shi?"

"Wa yake fushi da shi?"

"Kowa. Inna idan ta yi fushi ne take cewa a gaya wa mutumin nan. Da ta huce sai ta ce Maigida zo. A nan ba a hucewa."

Yaro ya taso a hannun kaka, wadda ke tsokanarsa tun safe har dare, ta ce ya cika rowa, ya ce ta tsufa zai sake ta. A duniyarsa ba a bi da magana ta hannun wani sai an yi laifi. Ya zo gidan da kowa ke kallon bango idan zai yi masa magana, ya yi lissafinsa daidai: ya yi wani babban laifi, kuma gara ya yi shiru har a manta.

Na ce, "Jaki, gaya masa ba fushi ba ne. Kunya ce."

Shawara. "Ya ce mece ce kunya?"

Na sha fitar da wannan tambaya a jarrabawa, da maki mai tsoka, kuma na kayar da yara da dama a kanta. Amma amsar da nake ba maki ba ta dace da jaki ba. Na ce, "Ka ce masa, wani lokaci idan aka ba mutum abin da ya fi so, sai ya kau da kai don kada a ga yadda yake murna."

Jakin ya yi nazari. "Kamar nama a cikin miya?"

"Kamar haka."

"Ya ce shi ba ya kau da kai."

"Mun lura," in ji mai kifi.

Anti ta ba mu aron jakin zuwa gida, bisa sharaɗin ya riƙa zuwa aiki ranar Asabar. Ya zama babban ma'aikaci a gidan. Da shi ake sanar da wanka, da shi ake kai ƙarar ƙanwa, ta bakinsa na ji sunayen awakin Taura da halin kowace. Matata ta yi kwanaki tana cewa ita ba ta ga ranar da za ta yi hira da tsumma ba. Wata rana na dawo da wuri na ji ta a kicin tana tambayar jaki ko mai shi yana son ƙanzo. Na koma waje na sake sallama da ƙarfi. Jakin ya bi yaron makaranta a cikin jaka, malamarsu ta ce ya amsa tambaya sau ɗaya daga ƙarƙashin benci, daga baya kuma daga kan bencin. A hankali na lura jakin yakan kwanta a tabarma, bakinsa a rufe, magana kuma tana ci gaba. Ni dai shi nake kallo idan zan amsa.

Aka yi hutu. Inna ba ta yarda da labarin waya ba, ta ce ana iya koya wa yaro gaisuwa don a rufe mata baki. Ta iso da hantsi ba sanarwa, da jaka wadda babu komai a ciki, don kayan da za ta koma da su. Ta tarar da ni a tsakar gida da singileti, a durƙushe, ina jan kwali da igiya, jaki yana ciki a matsayin fasinja, direba yana bayana yana ba da umarni.

Ta tsaya a bakin zaure. "Me zan gani haka? Da ɗan fari, da rana tsaka?"

"Da jaki nake wasa, Inna."

"Na ga jakuna, ban dai san wanne kake nufi ba."

Kafin in sami amsa yaron ya faɗa jikinta, ya buɗe baki. Ya ba ta labarin makaranta, da yaron da ya ciji baffa, da motocin da aka binne, ya tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta ƙara tsufa. Ta ce shi kuma ya rame, matan birni ba su iya tuwo ba. Matata tana bakin kicin, ta karɓi wannan da hannu biyu, don ba shi ne abin da take tsoron ji ba.

Bayan an ci abinci Inna ta jawo jakar. "Maigida, haɗo kayanka. Ka yi magana, amma ban yarda da gidan da manya ke rarrafe ba."

Yaron ya dube ta, ya dubi jakar. Ya ɗauko jakin ya zira hannu. "Ya ce zai zo ya ga awaki. Amma ni ina da aiki ranar Asabar, kuma ba na tafiya sai da shi."

"Iye. Har ka yi abokin da ya fi ni?"

"Ke ma ki zo. Akwai kaza, babu mai ita sosai."

Inna ta kwana biyu tana nazarinmu. Ranar Asabar ta ce sai ta ga yarinyar da ta sa ɗanta rarrafe, ta bi mu. Ta shiga da shirin faɗa, ta fito ita da mai kifi suna musayar labarin jikoki, ta kuma karya duk ƙa'idojin ɗakin a zama ɗaya, umarni da tambaya da gyara, ba wanda ya iya tanka mata. A hanya ta yanke hukunci. Ta ce kunnenta ya saba da hutu tun da aka ɗauke shi, ba za ta koma wa surutu a shekarunta ba. Yaron ya yi zamansa a wurinmu. Amma duk dogon hutu nata ne, kuma kada ta sake jin an ce yaro ya yi shiru. Matata ta cika jakar nan da sabulu da atamfa da kayan miya har zif ya ƙi rufuwa.

Na kai Inna tasha a babur, yaron a gaba, ita a baya. Da motar Taura ta tashi ya ɗan yi hawaye, ya share da hannun riga. Sai da muka hau titi na tuna mun bar jakin a gida, yana shanya, an wanke shi. Muka yi ta tafiya har kusa da kwanar unguwarmu. Sannan ya ɗago kai, iska tana kaɗa masa riga, ya ce, "Baba, bi ta wajen mai rake."

Mai tuƙi dole hanya zai kalla, wannan ko Inna ba za ta ce an karya al'ada ba. Na ce, "Wanne, na bakin masallaci ko na gaba?"

Ya ce na gaba, nasa ya fi zaƙi. Muka wuce can.